Zan koma unguwar bakin teku a bayan gari, me ya kamata in duba?

"Assalamu alaikum, Injiniya. An yi mini canjin wurin aiki zuwa wani babban birni da ke bakin teku. Haya a cikin gari ta fi ƙarfina, sai dillali ya kai ni wata sabuwar unguwa a bayan gari, kimanin kilomita 25 daga ofis. Gidan bene ne, tafiyar minti bakwai a ƙafa zuwa bakin ruwa, ga iska mai daɗi, babu hayaniya. Mai gidan ya ce ko haya ko sayarwa, duk wanda nake so. Ni da iyalina ba mu taɓa zama kusa da teku ba. Na lura get ɗin gidan ya yi tsatsa alhali ginin bai wuce shekara huɗu ba, ruwan bohol ɗin kuma yana da ɗan zartsi. Wannan abin damuwa ne? Me kuma ya kamata in duba kafin in ba da kuɗina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a sabon wurin aiki. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko tsatsa da zartsin nan alamar wata babbar matsala ce, da kuma ko haya za ka kama ko saye za ka yi. Na biyun ba ya buƙatar dogon bayani. Ka kama haya, ka ci damina guda cur a cikin gidan, bayan nan a zauna maganar ciniki. Na farkon ne zai ɗauke mu lokaci.

Wanda bai saba da teku ba, hankalinsa yana kan nisa, wato mita nawa ne tsakanin gida da ruwa. Amma teku tana isowa gida ba tare da igiyarta ta taɓa katanga ba. Tana zuwa ta iska ɗauke da gishiri, abin da ka gani a jikin get ke nan. Tana zuwa ta ƙarƙashin ƙasa, abin da ka ɗanɗana a ruwan bohol ke nan. Tana kuma zuwa ta magudanar ruwa, ta toshe wa ruwan sama hanyar fita. Wannan ta ƙarshen ba a ganinta da rani, ita ce kuma ta fi jawo asara, don haka da ita zan fara.

Tudun wurin ya fi nisansa muhimmanci

A yawancin gaɓoɓi teku tana cikowa ta janye sau biyu a yini. Tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da kusan minti 25, shi ya sa kullum lokacin yake ƙara matsawa gaba da kimanin minti 50. Cikowar ba ɗaya take ba a duk wata: ta fi tsayi a lokacin tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu da kwana ɗaya ko biyu. Tsayinta ya bambanta daga wuri zuwa wuri ƙwarai. A yawancin Bahar Rum bai kai rabin mita ba, a mashigin Fandi na Kanada kuwa yana haura mita 15.

Ga inda abin ya shafe ka. Lambatun unguwa gangarawa yake yi ya zube a teku ko a wani tafki da ke haɗe da ita. Idan teku ta ciko, bakin lambatun yana nutsewa, ruwa ya daina fita. In aka yi rashin sa'a ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a daidai wannan awa biyu ko uku, sai ya taru a layi, ya haura dakali, wani lokaci ma ya biyo ta ramin wanka ya fito a tsakar banɗaki. Teku ba ta tsallake gaɓarta ba, amma falo ya cika. Gida mai nisan kilomita biyu da ke cikin kwari yana iya shan wannan wahala duk shekara, alhali na kan tudu da ke kallon ruwa yana bushe.

Dillali ba zai faɗa maka wannan ba, amma unguwar za ta faɗa. Ka zagaya da ƙafa ka dubi katangun maƙwabta, musamman na kangwaye da ba a yi wa fenti ba, za ka ga layin da ruwa ya bari a inda ya tsaya. Gidan da aka sabunta wa fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, akwai abin da ake rufewa. Ka lura da ƙofofin da aka gina wa ƙaramar katanga ta yadda sai an tsallaka ake shiga, da janaretocin da aka ɗora kan dakali mai tsayi, da injin zuƙar ruwa a bakin get. Fili maras gini da ke cike da kachalla ko ramukan ƙaguwa, fadama ce ko da an sa mata sabon suna. Sannan ka nemi jadawalin cikowar teku na yankin, ana samunsa a intanet, ka je ranar 15 ko 16 ga watan Musulunci a daidai lokacin cikowa, ka leƙa lambatun ƙofar gidan. In ka tarar ruwa ya hau kusan baki alhali ba a yi ruwan sama ba, ko kuma yana tafiya baya zuwa cikin unguwa, ka samu amsarka. Masu gadi da suka daɗe a layin sun fi kowa sanin gidan da ruwa ke shiga.

Idan maganar saye ta taso, sai ka biya safiyo ya auna maka tsayin daɓen gidan a kan mafi tsayin cikowar teku, da kuma a kan tsakiyar titi. Daɓen da yake ƙasa da titi matsala ce ko babu teku. Ka kuma sa shekaru masu zuwa a lissafi. Matakin teku a duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, yanzu kuma ƙaruwar ta haura milimita 3 a shekara. Wannan kaɗan ne a ido, sai dai a wurare da yawa ƙasar ce ke nutsewa da sauri fiye da yadda ruwan ke hawa. Jakarta ta Indonesiya ce misalin da aka fi sani: yawan zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sa arewacin birnin yana ta nutsewa, har kusan kashi 40 cikin 100 na birnin yana ƙasa da matakin teku.

Sabbin unguwanni irin wadda ka kwatanta, sau da yawa fadama ce aka cike da yashi. Yashin saman yana da kyan gani, amma a ƙarƙashinsa akwai laka mai taushi da ke ci gaba da matsewa shekara da shekaru idan aka ɗora mata nauyi. Alamunta su ne tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ƙofar da ke cijewa, daɓen tsakar gida da ya lotsa ya rabu da bango, katangar da ta jingina. Ka nemi takardar gwajin ƙasa da aka yi kafin gini, ka tambayi irin fandishon: shimfiɗar kankare ce a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya, ko turakun kankare aka kafa har suka taras da ƙasa mai ƙarfi? Bene a kan ciko da fandisho irin na tudu, ni ba na ba da shawarar sayensa. Tsaga siririya kamar gashi yawanci ta filasta ce. Wadda ta kai milimita 5, ko take ƙara buɗewa, sai injiniya ya gani. Hanyar ganewa mai sauƙi: ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka sake dubawa bayan wata biyu ko uku.

Tsatsar get da wadda ba a gani

Duk sanda igiya ta fashe a gaɓa tana watsa ƙananan ɗigon ruwan gishiri, iska ta kwashe su zuwa tudu. Abin ya fi tsanani a 'yan mitoci ɗari na farko, yana raguwa da nisa, amma inda igiya ke da ƙarfi kuma iska ke kaɗowa daga teku yana wuce kilomita guda. Tafiyar minti bakwai mita 500 zuwa 600 ce, kana cikin yankin ke nan. Gishirin da ya zauna a kan ƙarfe yana jawo laima daga iska, sai ƙarfen ya kasance a jiƙe ko da rana ta take. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ƙarfen da ke ƙarƙashin rumfa ya fi saurin ruɓewa a kan wanda ruwan sama ke duka, domin shi ruwan sama wanki yake yi masa. Saboda haka mafi arhar magani a irin wannan unguwa shi ne tiyo da ruwa mai daɗi: a wanke get, da ƙarafan taga, da firam ɗin sola aƙalla sau ɗaya a wata.

Tsatsar get a shekara huɗu ba abin tashin hankali ba ce, yawanci fenti aka shafa kai tsaye ba a sa na ƙasa ba. Gyaransa: a kankare har sai farin ƙarfe ya fito, a wanke gishirin, a bari ya bushe, a sa fentin ƙasa mai tutiya a ranar, sannan a bi da shafi biyu na fentin sama. In aka kankare yau aka bar shi sai gobe, an yi aikin banza. Bututun da ba a toshe bakinsa ba kuwa daga ciki yake ruɓewa. Idan za ka sayi sabon abu, ƙarfen da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya ya fi wanda aka yi wa ɗan shafe mai ƙyalli nesa ba kusa ba. Ƙarfen da ake ce wa ba ya tsatsa ma iri-iri ne: mai lamba 304 yana yin ɗigo-ɗigon tsatsa a bakin teku, mai lamba 316 shi ne na wurin. A kula kuma da haɗa ƙarfe biyu mabambanta. Kwanon alminiyom da aka kafe da ƙusar baƙin ƙarfe, wurin haɗuwar ne zai fara cinyewa, ranar da iska mai ƙarfi ta zo sai ta yaye kwanon duk da lafiyarsa ƙalau.

Tsatsar da ke ba ni tsoro ita ce ta rodin da ke cikin kankare. Siminti yana kare rodi muddin gishiri bai kai gare shi ba. Da ya kai, rodin ya fara tsatsa, ita kuma tsatsa tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, sai ta tsaga kankaren daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsagar ta ƙara buɗe wa gishiri hanya, abin ya riƙa sauri. Shi ya sa a bakin teku ake son kaurin kankaren da ya rufe rodi ya kai milimita 50 a wuraren da iska ke duka, ba 25 da ake bari a cikin ɗaki ba. Mafi muni shi ne a ce magini ya kwaɓa da yashin gaɓa da ba a wanke ba, ko da ruwan zartsi. A nan gishirin yana ciki tun ran gini.

Ka tsaya ƙarƙashin baranda da matakala da dakalin tanki ka ɗaga kai. Kana neman jan tabo da ke tsattsafowa, da tsagar da ta miƙe sambal tana bin layin rodi, da wurin da kankare ya ɓalle. Ka ƙwanƙwasa ginshiƙai da ƙaramar guduma: mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda ya rabu daga ciki yana ƙara kamar ganga. Idan ginin shekara huɗu ya nuna waɗannan, da wuya ba a kwaɓin aka samu gishiri ba. Shafe shi da filasta ɓoye ciwo ne. Gyaran gaskiya sai an fasa har bayan rodin, an goge shi ko an ƙara wani, an cike da siminti na musamman, kuma in gishirin ya game ginin, za a gyara nan ya ɓullo can. Kafin saye ana iya huda bango a ɗebi garin kankare a kai ɗakin gwaji a auna gishirinsa.

Ruwan sha da sokawe

Ruwa mai daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, don haka a ƙarƙashin ƙasar gaɓa yana zaune ne a saman na teku. Akwai lissafin da masu haƙar rijiya suka sani: duk mita ɗaya da ruwa mai daɗi ya ɗara matakin teku, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Juya lissafin ka ga haɗarin. In yawan zuƙa ya sauke ruwan da mita ɗaya, iyakar ruwan gishiri tana iya hawowa da mita 40. A sabuwar unguwa da kowane gida ke da bohol, zartsi ƙaruwa yake yi yayin da gidaje ke cika. Ƙara zurfi kuma ba dole ya zama magani ba, sau da yawa ƙara kusantar gishirin ake yi.

Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a lita. Harshe yana fara jin zartsi tun daga kusan kashi ɗaya cikin ɗari na wannan, don haka ɗanɗano kaɗai ba ya nuna girman matsalar. Ka sayi ƙaramar na'urar auna narkakkun sinadarai a ruwa, girmanta kamar alƙalami. Ƙasa da miligiram 600 a lita ruwa ne mai daɗin sha, sama da 1,000 ya fara gagarar baki. Ka auna a ƙarshen rani, lokacin da ya fi muni. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire gishiri, ƙara masa kauri ma take yi. Matata ta yau da kullum ma ba ta cirewa. Sai injin da ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata, wanda ake kira RO, shi kuma yana cin wuta yana zubar da ruwa mai yawa, don haka a sa shi a famfon kicin kawai. Tara ruwan sama yana taimakawa, da sharaɗin a zubar da na farkon da ya wanke rufi. In akwai jariri mai shan madarar gwangwani ko mai hawan jini a gidan, kada a ba su ruwan bohol ɗin sai an gwada an nuna wa likita sakamakon.

Abin da ya fi gishiri haɗari shi ne sokawe. Yashi ba ya tace ƙazanta sosai, ruwan ƙasa kuma yana kusa. Ana son tazarar mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, abin da ƙananan filaye ba sa bayarwa, balle ka haɗa da na maƙwabci da ke bayan katanga. Ka kai ruwan ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin cuta. Ka kuma sa a ɗaga murfin sokawen ka gani da idonka. In ya cika da ruwa alhali gidan babu kowa, ruwan ƙasa ne ya shigo, da damina masai zai riƙa gurnani yana ƙin wucewa.

Zaman yau da kullum

Laima ce za ta fi damun uwargida. Fumfuna tana kama takalman fata, jakunkuna, littattafai da bayan wadirob idan laimar ɗaki ta daɗe sama da kashi 70 cikin 100. A janye kayan ɗaki daga bango da kamar faɗin tafin hannu, a sa takardun shaida a akwatin roba mai rufewa ruf, a riƙa buɗe tagogi biyu masu kallon juna da rana lokacin da iska ke tasowa daga teku. Mai asma ya kula da wannan sosai. Injin esi na waje a kafa shi a ɓangaren da gini ya kare shi daga iskar teku, a kashe wuta a ɗauraye shi duk wata, in ba haka ba siraran faranta nasa za su zama gari cikin 'yan shekaru. Batura da inbata da mitar wuta kada su zauna a ƙasa. Mota kuma ƙarƙashinta ake wankewa, duk sati biyu. Kada ka shiga ruwan da ya kwanta a titi da ita: santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 15 mai gudu na iya kayar da babban mutum.

Kilomita 25 ɗin nan ma ba da ma'auni ake gane ta ba. Unguwannin gaɓa ruwa ya tare su ta gefe guda, galibi hanya ɗaya ce ko gada ɗaya ke fitar da kowa. Ka bi hanyar ranar Litinin da ƙarfe shida da rabi na safe, ka dawo da magariba, ka sake bi ranar da aka yi ruwa. Ka lissafa mai da awannin, ka ɗora kan kuɗin haya, sannan ka kwatanta da na cikin gari. Ka san asibitin da ke buɗe da dare da hanyar zuwa in babbar hanya ta toshe. Shirun da ka ji kuma wataƙila na ranar aiki ne. Ka koma ranar Asabar da yamma ka ga masu zuwa shan iska da gidajen da ake bayarwa hayar kwana.

Yara su san abu ɗaya tun ranar farko. Wurin da ya yi lif tsakanin igiyoyi, wanda ya fi kama da wurin wanka, sau da yawa nan ne ruwa ke komawa teku da gudu. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga cikinsa. Wanda bai iya iyo ba kada ya wuce gwiwa.

Takardu

Ƙasashe da yawa suna keɓe wani zirin ƙasa daga bakin ruwa da ba a yarda a yi gini a kai ba, faɗinsa ya danganta da dokar wurin, sai ka tabbatar a hukumar tsara birane da kanka. Ka buɗe tsofaffin hotunan sama a Google Earth ka kwatanta inda gaɓar take shekara goma baya da yau. In an jera duwatsun tare yashi a unguwar da ke gaba da ku, ka san zaizayar ba ta ƙare ba, ture ta aka yi zuwa gaɓar maƙwabta. Ka kuma nemi kamfanin inshora ya yi maka farashin kariya daga ambaliya a kan wannan adireshi. In suka ƙi, ko suka tsawwala, sun gaya maka abin da suka sani.

Ban ga gidan ba, kuma babu mai yanke hukunci a kan fandisho ko rodi daga nesa. Wannan sai injiniyan da zai taka wurin da guduma da ma'auni. Abin da zan ce dai, tsatsar get ba za ta hana ni kama haya ba, zartsin ruwa kuma sai na ga sakamakon gwaji. A takardar hayar ka sa a rubuta wanda zai biya fentin ƙarafa, da gyaran famfon bohol, da kwasar sokawe, da kuma abin da zai faru da sauran kuɗinka in ruwa ya shiga gidan ya gagari zama. Ranar tarewa ka ɗauki hoton kowane ƙarfe da kowace tsaga da kwanan wata a jiki, ka tura wa mai gidan kwafi, don kada ranar tashi a ce kai ka ɓata.